Filin Tambaya da Amsa: Ɗaliban Jami'a Masu Zuwa Sanin Makamar Aiki

Wasiƙun da suka shigo kwana biyun nan kusan duk a kan magana ɗaya suke, da alama lokacin tura ɗalibai wuraren aiki ne ya kama. Na zaɓi biyar. Na rage wa wasu tsawo, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin kamfani na rarraba kaya ga masu shaguna, mu tara ne duka-duka har da direba. Wata jami'a ta aiko da takarda tana so in karɓi ɗalibai biyu masu karanta harkokin kasuwanci na tsawon wata uku, wai aikin da za su yi a wurina zai shiga sakamakonsu na digiri. Ni na ga kamar garaɓasa ce, ƙarin hannu ba albashi. Abokina kuma ya ce ɗawainiya ce kawai zan jawo wa kaina. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, sai dai shi ma a rabin hanya ya tsaya. Ɗawainiya ce ƙwarai da gaske, amma tana biyan kanta idan an shirya mata.

Ka fara gane abin da takardar take nufi da ta ce aikin zai shiga sakamakonsu. Kowane kwas a jami'a yana da nauyinsa, shi ake kira kiredit, kuma sai ɗalibi ya tara adadin da aka yanka masa kafin a ba shi digiri. A tsarin da jami'o'in Turai ke bi, kiredit ɗaya daidai yake da aikin awa 25 zuwa 30, shekarar karatu guda kuwa kiredit 60 ce. A Amurka jami'o'i da dama suna lissafa awa 40 zuwa 45 a wurin aiki a kan kowane kiredit. Wato jami'a ta yanko wani ɓangare na karatun da ke kanta ta ɗora maka. Wata ukun nan kwas ne, ofishinka ne ajin, kai ne malamin, kuma a ƙarshe fom za a miƙo maka ka ba da maki.

Ni sai da na sha kunya kafin na fahimci haka. Ɗalibin farko da na karɓa yaro ne mai natsuwa, kullum shi ke riga kowa zuwa. Ranar da ya iso ina tsakiyar rufe lissafin wata, ko ɗago kai ban yi sosai ba, na ce a ba shi kujera. Aka ba shi kujera kusa da injin fotokofi. Nan ya zauna mako biyar. In ana son kwafi ya miƙe, in ba a so ya koma ya ci gaba da latsa waya. Rannan kwatsam sai ga malamarsa ta zo dubiya. Ta karɓi logbuk ɗinsa, littafin nan da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi kowace rana, tana buɗawa shafi-shafi a gabana. Litinin: "Na lura da yadda ake gudanar da aiki." Talata: "Na lura da yadda ake gudanar da aiki." Laraba ce aka samu canji: "Na yi fotokofi, sannan na lura da yadda ake gudanar da aiki." A ƙarshen kowane mako ga sa hannuna raɗau, ga hatimin kamfani, don sa hannu kawai nake yi ba na karantawa. Ba ta yi faɗa ba. Ta rufe littafin a hankali ta ce, "Malam, ranar da zai kare rahotonsa, me zan tambaye shi a kai?" Na rasa ta cewa.

Tun daga ranar, ba na amsa takardar jami'a sai na zauna na rubuta amsar abu biyu: wane aiki zan ba shi, kuma wa zai riƙe shi.

Aikin da nake nufi shi ne na gaske, mai farko da ƙarshe, wanda kamfani ke buƙata amma ba za a rufe ƙofa ba don ya yi jinkiri ko an yi kuskure a cikinsa. Kowane kamfani na da irinsa jibge, ana ta cewa "in an samu lokaci." Ƙidayar kayan sito a gwada da abin da ke rubuce. Bin kwastomomin da suka daina zuwa a ji dalili. Kwatanta farashin masu kawo muku kaya na tsawon shekara guda.

Shekara biyu bayan wancan yaron, wata ɗaliba ta zo, na ba ta littafin bashi. Kwastomominmu da yawa kaya suke ɗauka su biya daga baya. Mun san jimillar abin da muke bi, amma ba wanda ya taɓa zama ya rarrabe bashin bisa tsufansa. Na ce ta zuba kowane ɗaya a manhajar lissafi ta Excel ta kasa gida huɗu: wanda bai wuce kwana 30 ba, na 31 zuwa 60, na 61 zuwa 90, da wanda ya haura 90. An koya mata wannan a aji, har ta ci jarrabawa a kai, amma da lambobin da malami ya share ya gyara tas. A wurinmu ta tarar da rasit ɗin da ruwa ya taɓa, da rubutun direba mai kama da tafiyar kaza, da biyan da aka karɓa ba a rubuta na wane kaya ba ne. Makon farko har hawaye ta yi. A mako na uku ta shigo da takardu biyu ta ajiye mini a tebur, ta ce tana jin mutum ɗaya ne. Na duba. Sunan shagon an rubuta shi iri biyu, lambar waya kuwa ɗaya. Ashe asusu biyu muka buɗe wa mutumin: ɗaya yana biya a kan kari, kowa na yabonsa, ɗayan ya haura kwana 90 ba wanda ya waiwaya. Ba ha'inci ba ne, shi ma bai sani ba. Mu da muka shekara muna kallon littafin ido ya saba, ita kuwa da idon baƙo ta zo.

Kada wannan ya ruɗe ka. Yawancinsu ba za su tono maka komai ba, kuma a watan farko lokacin da za ka kashe a kansu ya fi abin da za su yi maka.

Shi ya sa maganar mai riƙo ta fi ta aikin muhimmanci. Mutum ɗaya, sananne, wanda ɗalibin zai je wurinsa ba tare da jin nauyi ba. In kai kullum kana hanya, to kada ka ce kai ne. Zaɓi ma'aikacin da ya fi haƙuri, ba wanda ya fi iya aiki ba, don sau da yawa gwani ba ya iya bayani, hannunsa ya riga bakinsa. Ka rage masa wani abu daga aikinsa, in ba haka ba zai tsani yaron tun kafin ya san sunansa. Sannan a ware minti ashirin a mako, rana ɗaya tsayayya, a zauna a karanta logbuk tare kafin a sa hannu: me ka yi, ina ka maƙale, me ka gani a nan da ya saɓa da abin da aka koya muku? Tambayar ƙarshen nan ita ce kwas ɗin gaba ɗaya.

Ba sabon tunani ba ne, af. Wani malamin injiniya, Herman Schneider, shi ya assasa tsarin a Jami'ar Cincinnati ta Amurka a 1906 da ɗalibai 27, suna mako guda a aji, mako guda a masana'anta. Jami'ar Waterloo ta Kanada a kan wannan tsari aka gina ta tun 1957, ɗalibanta na fita aiki na wata huɗu-huɗu su dawo aji. A Najeriya hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, ta fara shirin SIWES na tura ɗalibai wuraren aiki a 1973. Ka lura da kai-komon da Schneider ya tsara: ɗalibi ya je ya gani, ya dawo ya tambaya, ya sake komawa. Kai da ba za ka iya mayar da shi aji kowane mako ba, zaman minti ashirin ɗin nan ne madadinsa.

Shawarata: ku tara ne, karon farko ne, ka karɓi ɗaya. Kafin ya zo ka nemi jami'a ta ba ka a rubuce abin da take so ya koya, adadin awannin da zai cika, sunan malamin da zai zo dubiya da yadda za ka same shi, da kuma wanda inshorar ɗalibin ke kansa idan ya ji rauni a sito ko a hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA: Ina da kamfanin talla da shirya taruka. Tunda ɗalibar da zan karɓa maki za ta samu, ai an biya ta ke nan. Dole ne sai na ba ta wani abu?

AMSA: Hajiya, makin ba daga aljihunki ya fito ba. Jami'a ce ke ba da shi, kuma ɗalibar ta riga ta biya kuɗin makaranta a kansa. Don haka kada a lissafa shi cikin kyautarki.

Ta fuskar doka, kowace ƙasa da nata, kuma ki tambayi lauya ko ofishin ƙwadago na inda kike kafin ki yanke. A Birtaniya, ɗalibin da kwas ɗinsa ya wajabta masa zaman aiki na ƙasa da shekara guda ba ya cikin waɗanda dole a ba mafi ƙarancin albashi. Jamus ma, da ta kafa mafi ƙarancin albashi a 2015, ta cire zaman aikin da makaranta ta wajabta. Faransa ta fi tsanani: dole a yi yarjejeniya tsakanin makaranta da kamfani da ɗalibi, zaman ba ya wuce wata shida a shekarar karatu, in ya haura wata biyu dole a biya alawus, kuma haramun ne a sa ɗalibi ya cike gurbin ma'aikacin da aka sallama ko wanda ba ya nan. Kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 20 ba, ɗalibai uku kawai zai iya riƙewa a lokaci guda.

Na Amurka ne ya fi ba ni sha'awa, don tambayar da suke yi ta dace da kowa ko'ina. Bayan wani hukuncin kotun ɗaukaka ƙara a 2015, Ma'aikatar Ƙwadago ta ƙasar ta rungumi wani ma'auni a watan Janairun 2018: tsakanin kamfani da ɗalibi, wa ya fi cin moriyar zaman? Abubuwa bakwai ake dubawa. Samun kiredit ɗaya ne kawai daga cikinsu, ba shi kaɗai ke raba gardama ba. Ana duba ko lokutan aikin sun yi la'akari da kalandar karatu, ko zaman ya tsaya iya tsawon da ake koyon wani abu, ko aikin ɗalibin ƙari ne a kan na ma'aikata ko kuwa maye gurbinsu yake yi. In kamfani ne ya fi amfana, to ma'aikaci ne, a biya shi.

Ki yi wa kanki wannan tambayar. Idan ranar da ɗalibar ba ta zo ba aiki zai tsaya har sai kin nemo wata da kuɗi, to ma'aikaciya kika samu, sunan ne kawai kika canza mata.

Ni dai ina biya, ko da doka ba ta tilasta ni ba. Aƙalla abin da zai kawo ɗalibi ya mayar da shi gida, ya riƙe shi wuni. Dalilina ba tausayi kaɗai ba ne. Idan ba a biya, ɗan mai hali ne kawai zai iya zuwa kullum har wata uku, mai ƙoƙarin da ba shi da shi zai fara fashi a mako na huɗu, ke kuma ki rubuta masa "ba ya zuwa a kan lokaci." Sannan wanda ake ba wani abu, komai ƙanƙantarsa, kina da bakin ce masa ya sake aikin da ya ɓata. Ki faɗi adadin tun ranar farko, ki rubuta shi, ki biya ranar da kika ce.

TAMBAYA: Ni akanta ne. Ina tsoron baƙon yaro ya ga sirrin kwastomomi ko albashin ma'aikata.

AMSA: Tsoronka a kan hanya yake, ɗan'uwa. Ya sa hannu a takardar riƙe sirri ranar farko, ka karanta masa ita da baki don yawancinsu ba sa karantawa. A buɗe masa nasa asusun shiga kwamfuta mai iyaka, kada a ba shi kalmar sirrin wani, a rufe asusun ranar da ya tafi. Fayil ɗin albashi ba ruwansa da shi. Inda mutane ke mantawa shi ne rahoton da zai kai jami'a: ka karanta kafin ya miƙa, a cire sunayen kwastomomi, a mayar da ainihin lambobi zuwa kashi cikin ɗari. Wancan rahoton ɗakin karatu zai shiga.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a aji uku. Wata guda ke nan da fara zamana a wani babban kamfani, ba abin da nake yi sai aike da jera fayil. In na yi magana ina tsoron a ce ba ni da ladabi, a rage mini maki. In haƙura?

AMSA: Ɗana, kada ka raina aike da jera fayil, amma kada ka ƙare a kansu. Fayil ɗin da kake jerawa ka taɓa buɗe ɗaya, cikin waɗanda aka yarje maka gani, ka bi takarda tun daga odar kwastoma har zuwa rasit ɗin biya? Hannu nawa ta ratsa, a teburin wa ta fi daɗewa? Wanda ake aike ofis-ofis ya fi manaja sanin inda takarda ke kwana.

Abin da ba ya aiki shi ne ka je ka ce "a ba ni aiki." Mutumin da ke fama da nasa, ka ƙara masa aikin nemo maka aiki, zai ce ka dawo gobe. Ka je da abu a hannu. Ka ce, "Ranka ya daɗe, na lura takardun masu kawo kaya na wata shidan nan ba a shigar da su kwamfuta ba. In an ba ni dama zan shigar, in kawo a duba ranar Alhamis." Ka ambaci aikin, ka ambaci ranar. Da wuya a hana ka. Ka ɗauko takardar da jami'a ta ba ka mai jerin abin da ake so ka koya, ka nuna masa da ladabi, don wataƙila bai taɓa ganinta ba, tana can ofishin kula da ma'aikata.

In ka yi haka sau biyu ba canji, ka sanar da malaminka tun yanzu, ba sai ranar kare rahoto ba. Ba ƙara ka kai ba, aikinsa ke nan, kuma magana tsakanin malami da manaja ta fi sauƙi a kan taka. Idan kuma abin ya wuce rashin aiki, ya kai ga cin mutunci ko wani ya nemi abin da bai dace ba, wannan ba a jiran sau biyu, kuma ina roƙon 'yan matanmu su ji wannan da kyau. A ranar ake gaya wa makaranta.

TAMBAYA: Ɗan yayata ne ya kawo mini logbuk ɗinsa. Bai taɓa zuwa kamfanina ko sau ɗaya ba, yana can yana wata sana'ar tasa. Yana so in sa hannu in buga hatimi a kan wata uku. Uwarsa ta kira ni sau biyu. Ya zan yi?

AMSA: Alhaji, ka san amsar, abin da kake nema shi ne yadda za ka faɗa wa yayarka. Sa hannun nan shaida ce. Kana gaya wa jami'a cewa ka ga yaron nan da idonka ya yi awa kaza, ya iya kaza, ita kuma ta dogara da kai ta ba shi digiri, wani kuma gobe ya dogara da digirin ya damƙa masa kuɗin jama'a. In malamin dubiya ya faɗo ba sanarwa ya tambayi mai gadinka, yaron zai iya rasa kwas ɗin ko fiye da haka, kamfaninka kuma ya fita daga jerin waɗanda makarantar ke yarda da su.

Amma kada ka tsaya a "a'a." Ka ce yana da sana'a. To, wannan ai kasuwanci ne, kuma shi yake karantawa. Ya je wurin malaminsa ya tambaya ko za a amince ya yi zaman da yamma ko a ƙarshen mako, ko a ɗage masa zuwa zango mai zuwa. Wasu makarantun na yarda idan awannin za su cika. In sun amince, ka karɓe shi da gaske.

An taɓa kawo mini irin wannan, ɗan wani aminina. Ya shigo da littafin a cike tsaf, mako goma sha biyu, rubutu mai kyau, har da zanen yadda ofisoshinmu ke jere. Na buɗe mako na shida, inda ya rubuta cewa ya taya daidaita lissafin banki. Na jawo takardar banki ta watan da ya wuce da littafin kuɗinmu na tura masa, na ce bismillah, nuna mini cekin da muka rubuta wanda bai fita ba tukuna. Ya daɗe yana kallon takardun, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Can ya ce, "Baba, wanne ne na bankin?" Na nuna masa. Na ce ya bar wancan littafin a nan, ya karɓo sabo daga makaranta, ya zo Litinin ƙarfe takwas. Uban bai yi mini magana ba har wata biyu. Yaron kuwa ya zo takwas saura kwata, na zaunar da shi kusa da akanta, nesa da injin fotokofi.